Akwatin mesata na katako ya fara wari da hunhuna, da me zan wanke shi?

"Assalamu alaikum Yallaɓai, dan Allah shawara nake nema. Ina da ƙaramar mesa irin mai dunƙulewar nan kamar ƙwallo, wata bakwai kenan tana hannuna. Kafinta na sa ya haɗa min akwati na filawud da gilas a gaba, da farko komai lafiya lau, amma tunda damina ta sauka akwatin ya fara wani irin wari, kusurwar da kwanon ruwa yake tayi baƙi kuma katakon wajen ya ɗan kumbura. Duk sati ina gogewa da ruwan Dettol amma kwana biyu warin ya dawo. Ko akwai wani abu da ya fi ƙarfi da zan saka? A Kaduna nake."

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai dan Allah ka ajiye Dettol ɗin nan daga yau, zan dawo kan dalili a ƙasa, amma kar ka jira sai ka gama karantawa. In ma yau ka goge da shi to ka fito da ita ka sa a roba mai murfi da ƴan huji tukunna.

In na fahimce ka, kana ganin matsalarka itace maganin da kake wanki da shi baida ƙarfi, shiyasa kake neman wanda ya fishi. Ni kuma daga bayaninka abinda na gani daban ne, katakon ne yake sha. Filawud ɗin da ba'a rufe fuskarsa da komai ba kamar soso yake, ruwan da ya zube daga kwano da ruwan da ke fitowa tare da kashinta duk yana tsotse su ya kai ciki, kai kuma sama kake gogewa. Warin da ke dawowa bayan kwana biyu daga cikin katakon yake fitowa inda tsummanka bai isa ba. Ko da me ka goge haka zai dawo, sai ma dai kana ƙara masa lema duk sati.

Irin mesar da kake da ita, wadda Turawa ke kira bol faiton, ƴar gida ce a nan Afirka ta Yamma, daga Gana da Togo da Benin ake fitar da ita da yawa zuwa Turai da Amurka, kuma akwaita a Najeriya. A daji ramin ɓera da tsohon suri take shiga ta kwanta, wato waje mai ɗumi mai ɗan danshi amma ba jiƙaƙƙe ba. A akwati ana so danshin iska ya tsaya wajen kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, in zata yi saɓa a ɗaga zuwa 70, ɓangaren ɗumi kuma digiri 31 zuwa 33, ɓangaren sanyi 25 zuwa 27. Toh kaga ɗumi da danshi, ai sune daidai abinda hunhuna take so, sune kuma abinda ke cin katako. Dan haka duk mai kiwon wannan mesar a akwatin katako yana tsakiyar rigima ne, abinda dabbar ke so shi katakon baya so. Kuma dabba ce da kan kai shekara 20 har 30 in an kula da ita, akwatin da zai zauna da ita ba na wata shida bane.

Ni ma haka na fara. Akwatina na farko da allon MDF, wato na matsattsen garin katako, aka yi min dan yafi araha kuma yafi santsi, damina ɗaya tal ƙasansa ya tashi kamar biredin da ya faɗa shayi, in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Ban ma yi wahalar gyara ba, murhu ya tafi.

Me yasa nace ka bar Dettol

Dettol da Izal da duk dangin maganin nan da in ka zuba a ruwa yake yin fari kamar madara, sinadarin finol ne a cikinsu ko danginsa, kuma wannan guba ne ga maciji da ƙadangare, har kyanwa ma baya yi mata kyau. Mu in mun ji wannan ƙamshin sai muce waje yayi tsaf, ita kuwa cikinta a kan katakon yake kwance dare da rana, harshenta kullum yana ɗanɗanar iskar wajen, ga akwati a rufe. Kuma maciji huhu ɗaya ne yake masa yawancin aiki, baya iya tari ya fitar da abinda ya shige masa kamar mu, shiyasa ciwon numfashi ke saurin kayar da shi. Tunda katakon naka sha yake, duk Dettol ɗin da ka goga a watannin nan wani yana nan ciki yana fitowa a hankali in waje ya ɗumama.

Haka nan fiya-fiya, da maganin sauro na feshi, da na hayaƙi da ake kunnawa da dare, da turaren wuta, da ƙwallon kafur da ake sawa cikin kaya, duk kar su kusanci ɗakin da take. Wannan na sauro shi mutane suka fi mantawa, musamman yanzu da damina, wani a gidan zai shigo ya fesa ya ja ƙofa baida masaniya. In dole sai an fesa ɗakin a fitar da ita da kwanon ruwanta zuwa wani ɗaki, sai an buɗe taga iska ta ratsa sosai a dawo da ita.

Gyaran da akwatin yake buƙata yanzu

Ka fito da ita ka sa a babbar robar ajiye kaya mai murfi, ka huda ƙananan huji a gefe, ka shimfiɗa jarida, ka sa mata kwanon ruwa da ɗan kwali da zata ɓuya. Murfin ya zama mai maƙalewa ko ka ɗora abu mai nauyi, dan ƙarfin da take da shi wajen tura murfi zai baka mamaki, kuma ka san in ta fita ta shiga gidan maƙwabta ba wanda zai tsaya tambayar ko tana da dafi, taɓarya kawai za'a ɗauko. A robar nan zata zauna sati uku zuwa huɗu, ba abinda zai same ta, da yawan masu kiwo ma a roba suke ajiye su dindindin.

Sai ka kwashe komai na cikin akwatin ka duba wajen da yayi baƙin. Ɗauki sukudireba ka danna. In da tauri baƙin a sama ne kawai, wannan samfefa zata cire shi, ka goge har sai farin katako ya fito, ka rufe hanci lokacin da kake yi. In kuwa ya lotsa ko kaga fallayen filawud ɗin sun fara rabuwa kamar shafin littafi, to wannan allon ya mutu, kar ka ɓata banish a kansa, kira kafinta ya cire ƙasan gaba ɗaya ya sa sabo. In da hali ya sa marin bod, wanda masu gini ke amfani da shi wajen zuba kankaren dakin bene, gam ɗinsa yana jure ruwa. Kuma ka tsaya a kansa ka gaya masa da bakinka kar ya shafa solignom ko baƙin mai, dan su kafintoci al'adarsu ce saboda gara, yana ganin taimakonka yayi. Wannan na rufin gida ne, a akwatin dabba kisa ne. Katakon fain da sida ma ba'a so saboda man da ke jikinsu mai ƙamshi, irin wanda ake samu a wasu katakon kwantena da falet.

Bayan samfefa ka barshi ya bushe ƙarau, kwana uku ko huɗu a inda iska ke kaɗawa. Rana tana taimakawa amma kar ka barshi wuni guda a tsakiyarta, filawud yana lanƙwasa gilas kuma ya ƙi zama a layinsa. In ka shafa banish kan katako mai lema ka kulle ruwan ne a ciki, zai ci gaba da ruɓa ta ƙasa kai baka gani.

Abin shafawar, ni banish na ruwa nake amfani da shi, foliyuriten wanda ake sirkawa da ruwa ba da tina ba. Shafi uku zuwa huɗu, kowane ya bushe kafin na gaba, ka ɗan bi da samfefa mai laushi tsakani. Ƙasa da bangon daga ƙasa zuwa kamar tsawon tafin hannu su suka fi buƙata, da bakin allo inda aka yanka, dan ta nan filawud yafi shan ruwa, da kewayen hujin iska. Banish na mai ma yana yi kuma yafi ƙarko, sai dai warinsa yana daɗewa ƙwarai. Wanda yafi duka shine efoksi irin na kwamin kifi, amma da tsada kuma ba ko ina ake samu ba. Bayan banish ya bushe sai ka bi duk kusurwa da duk mahaɗar allo da silikon, kuma nan ma akwai tarko, silikon na banɗaki da aka rubuta yana hana hunhuna akwai magani a cikinsa, wanda ake haɗa gilashin kifi da shi zaka nema. Je wajen masu haɗa akwatin kifi na ado ka tambaye su wanda suke sawa.

Dabarar da ta fi hutar da ni kuwa itace shimfiɗa wani abu da ruwa baya ratsawa a ƙasan, ledar tsakar ɗaki mai kauri ko tayil, a ɗan ɗago ledar ta hau bango kamar faranti sannan a bi bakinta da silikon. Tun da na fara haka wankin da ke cin min awa biyu ya koma minti ashirin. Amma fa a rufe bakin da kyau, in ruwa ya samu hanya ya shiga ƙarƙashin leda yafi babu ledar muni. Kuma kar ka kuskura ka liƙa komai da salatif a cikin akwati, ko na waya ko na kwali, sai ta ɓanɓaro shi ya manne mata a jiki, garin cirewa fata ta biyo. In ma hakan ta taɓa faruwa man gyaɗa ake shafawa a hankali har ya saki, ba'a ja.

Sai jira, wanda shine mutane basa iyawa. Bushewa a hannu daban, gama fitar da wari daban. Ka bar shi a buɗe sati biyu ko uku, sannan ka gwada, rufe akwatin ruf, in kana da fitilar ɗumi ka kunna, bayan wasu awanni ka buɗe ka sa kanka ciki ka shaƙa. In kaji ko ɗan warin banish ko tsamin silikon to bai yi ba, ƙara sati.

Wankin yau da kullum bayan an gyara

Wannan ba wuya. Kullum ka leƙa, in tayi kashi ka kwashe a take tare da shimfiɗar da ke kewaye da shi, ka goge wajen. Ba kullum take yi ba, wani lokaci sati biyu ko fiye, amma in tayi zaka sani. Farin abun nan mai kamar alli da ke fitowa tare da shi fitsarinta ne, ba cuta bace, in ya bushe a kan katako yana kamawa kamar siminti, sai ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma na minti kaɗan ya yi laushi, kar ka kankare da wuƙa ka yaga banish ɗin da ka sha wahala a kai. Ruwan sha ka canza kullum ko bayan kwana biyu, ka wanke kwanon da sabulu dan santsin nan da ke taruwa a ciki ƙwayoyin cuta ne. Kwanon ya zama mai nauyi mai faɗin gindi wanda bazata kifar ba, ka ɗora shi kan tayil ko faranti, kuma kar ka cika shi fal dan in ta shiga wanka ruwan ambaliya zai yi. Ina kyautata zaton abinda ya baƙanta maka kusurwa kenan.

Babban wanki kuma duk sati huɗu zuwa shida ya isa, ba duk sati ba. Yawan birkita mata waje yana sa ta ƙi cin abinci, kuma irinta dama da ɗan abu kaɗan take yajin ci. Kar kayi ranar da ta ci ko washegari, a bata kwana biyu, in ba haka ba tana iya amayo ɓeran. In idonta yayi shuɗi-shuɗi tana shirin saɓa ma ka ƙyale ta ta gama.

Yadda nake yi, na fitar da ita, na zubar da shimfiɗar duka, na share, sannan ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke a tsumma da aka matse. Tsumma fa nace, ba'a kwara wa akwatin katako bokiti ko an shafa masa banish. Sabulu ne farko dan maganin kashe ƙwayoyin cuta baya aiki a kan datti. Bayan nan sai maganin. Wanda kowa zai samu shine bilic, irin su Hypo ko Jik, cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya na ruwa, wato babbar robar ruwa ta lita ɗaya da rabi cokali uku. Ka goga, ka bari minti goma, ka bi da tsumman ruwa zalla sau biyu ko uku, ka bari ya bushe har warin ya tafi gaba ɗaya. Kar ka haɗa bilic da binega ko wani maganin wanki wai dan yayi ƙarfi, iskar da zata tashi kai kanka sai ta kwantar da kai. In zaka samu kiloheksidin a kemis ko shagon magungunan dabbobi yafi sauƙi a kan dabbar, akwai kuma F10 da ake yi a Afirka ta Kudu wanda masu kiwon maciji suka fi yarda da shi, mili 2 zuwa 4 a lita, sai dai samunsa a nan sai an dace. Binega ita kaɗai tana da kyau wajen goge gilas da farin tabon ruwa, amma ba maganin ƙwayoyin cuta bace da za'a dogara da ita.

Kwanon ruwa da maɓoyarta in na roba ne ko tangaran a jiƙa su cikin ruwan bilic ɗin a ɗauraye sosai. Reshen itace kuwa shima sha yake, ni tafasasshen ruwa nake kwara masa na shanya a rana, in ya fara baƙi na jefar na samo wani.

Abin shimfiɗa, da damina a Kaduna ni jarida ko farar takarda zan baka shawara, dan iskar da kanta ta wadatar da danshi, ba sai ka fesa ruwa ba, kuma takarda tana nuna maka komai. Da hunturu labari ya juya, danshi yana faɗuwa ƙasa da kashi 20, saɓa ta dinga fita guntu-guntu tana maƙalewa a ido da bakin wutsiya, lokacin ne ɓawon kwakwa da aka daddatsa yake amfani. Ko a lokacin ma maimakon jiƙa akwatin gaba ɗaya gara ka samu ƙaramar roba mai murfi ka yanka mata ƙofa ka sa ɗanyen ɓawon kwakwa ko jiƙaƙƙen tawul a ciki, ta shiga in tana so, katako ya zauna a bushe. Garin katako na wajen masu yankan katako kar ka ɗebo, baka san wane ice bane ko me aka fesa masa, ga ƙura. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi da danshi na batir, baida tsada, ya fi maka hasashe. In kaga gilas yana zufa da safe to iska bata isa ba, a ƙara huji sama da ƙasa a rufe da raga mai ƙarfi ta ciki. Akwatin kuma kar ya zauna a siminti kai tsaye ko ya jingina da bango, ɗaga shi kan tebur, saboda sanyin ƙasa da gara da kuma tururuwa, su tururuwa in sun samu hanya har macijin suke cizo. Ƙafafun tebur a cikin gwangwani mai ɗan ruwa yana tare su ba tare da ka fesa komai ba.

Abu ɗaya da nake so ka duba tun yau, ƙananan ƙwari baƙaƙe kamar garin barkono masu motsi, a kewayen idonta, ƙarƙashin haɓa, ko suna iyo a kwanon ruwa, ko kaga ta tare a cikin ruwa ta ƙi fita. Wannan ƙwaron maciji ne mai shan jini, kuma shine babban abokin gabar akwatin katako dan a tsagar katako da ramin ƙusa yake ƙwai, cikin sati biyu zuwa uku sabbi sun taso. Na taɓa karɓo wata mesa ban keɓe ta ba na ajiye kusa da sauran, wata biyu ina fama, daga ƙarshe akwati ɗaya da ba'a yi masa silikon ba sai ƙona shi nayi. Maganinsa ba na gwaji bane, irin wanda ake wa kaji da karnuka in aka kuskure awo macijin yake kashewa, kuma ibamektin da likita kan ba maciji shi kunkuru kashe shi yake, dan haka kar ka ɗauki maganin wata dabba ka ba wata.

Ka juya ta ka kalli cikinta ma. Ya kamata ya zama fari sumul. In kaga ja-ja, ko tabo ruwan ƙasa, ko ƙuraje masu ruwa, zaman lema ne ya fara cin ɓawon cikin. In kuma tana buɗe baki tana numfashi, ko kana jin ƙara kamar fito, ko majina a baki, to ya wuce maganar wanki. Ni mai kiwo ne ba likita ba, kuma akwatin naka ban ganshi da idona ba, a kan abinda ka rubuta nake magana. Kai da kake Kaduna Zariya ba nisa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU, ka kaita a cikin rigar filo da aka ɗaure baki a saka a roba. Duk bayanin nan kuma na mesa ne marar dafi, wanda ya ajiye kububuwa ko gamsheƙa a gida wannan wata magana ce daban, ni bana ba kowa shawarar yi.

Sai kai kanka. Maciji ko lafiyarsa ƙalau yana ɗauke da salmonela a kashinsa, mai sa zawo da zazzaɓi, kuma tafi tsanani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da masu ciki da tsofaffi. Bokitinta da sosonta da tsummanta daban, kar kwanonta ya shiga wajen wanke-wanken gida, kar a ɗauki butar alwala a zuba mata ruwa, ruwan wankin a zuba a masai ba tsakar gida inda yara ke rarrafe ba, kai kuma sabulu har gwiwar hannu duk sanda ka gama.

Banish ɗin ba na har abada bane, duk shekara kafin damina ka ɗiga ruwa a ƙasan akwatin ka gani, in ya tsaya ƙwal-ƙwal lafiya, in ya baje katakon ya canza kala to lokacin sabon shafi yayi, silikon ma inda ya ɗago a yanke a sake. In ka danna sukudireban ka gaya min abinda ka gani, da hoton kusurwar da na cikinta in zaka iya, sai mu san ko samfefa ce ko kafinta.